Shagon atamfa na cikin gida a Mabera, inda sai an kara zane a fuskarki kafin a karɓi kuɗinki

A ƙasan akwatina akwai kaya kala huɗu da na saya da kuɗina na ɗinka, kowanne sau ɗaya na sa shi na ninke. Babu wanda ya yage, babu wanda tela ya ɓata. Abin da ya faru shi ne, duk ranar da na sa ɗaya daga cikinsu sai an sami wadda za ta tare ni da "Malama, ko ba ki jin daɗi ne?" alhali lafiyata ƙalau. Biyu ruwan toka ne, ɗaya ruwan ƙasa mai haske, ɗaya kuma wani ruwan hoda mai kama da wanda ya sha wanki. Dukkansu na zaɓe su ne a kan maganar da aka rene mu da ita, wai baƙar mace ta nemi launi mai sanyi, kada ta kusanci mai ɗaukar ido, don kada baƙinta ya ƙara fitowa. Ni baƙa ce, baƙin dangin mahaifina na ɗauko, kuma na fi shekara 30 ina bin wannan magana ba tare da na tambayi inda ta samo asali ba.

Bikin autarmu ne ya kai ni gidan da zan ba ku labarinsa. An sa rana bayan Babbar Sallah, aka ɗora mini fitar da anko. Wata abokiyar aikina a makarantar 'yan matan da nake koyar da kimiyya ta ce kada in wahalar da kaina da zagayen kasuwa cikin wannan rana, in je unguwar Mabera a nan Sakkwato, wurin wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi da mayafai a cikin gida. Babu allo a ƙofa, babu suna. Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a bakin lungu, na ce wa wata yarinya mai tallar gyaɗa ina neman gidan mai atamfa, ta kai ni har zaure. Maigidan Hajiya yana da shago a Babbar Kasuwa, gobarar da aka yi a watan Janairun 2021 ta haɗa da shi. Ɗan abin da ya tsira a sito shi ta kwaso ta fara da shi a gida, yanzu ga shi ciki da falo sun cika da kaya har kusa da rufi.

Abin da na fara lura da shi tsarin jeren ne. A kasuwa bisa tsada ake jera zane, mai kuɗi a sama, mai sauƙi a ƙasa. Ita bisa launi ta jera nata. Jajaye bango guda, daga ja jawur zuwa ruwan hanta. Shuɗaye bango guda. Kore da tsanwa da ruwan ɗorawa a kanta ta uku. A layi ɗaya za ki ga 'yar Holan ta kamfanin Vlisco, wanda yake buga atamfa a garin Helmond tun 1846, tana jingine da 'yar Kodebuwa da 'yar Caina mai sauƙin kuɗi, saboda duk shuɗinsu ɗaya ne. Akwai shaddar Getzner ta Ostiriya a cikin wani kabad mai gilashi, ba yawa. Yawancin kayan daga Kantin Kwari na Kano take saro su, wasu kuma ana kawo mata daga Kwatano.

Bayan gaisuwa hannuna ya tafi inda ya saba, na zaro wata atamfa mai ruwan toka da ɗigon fari. Hajiya ta dube ni, ta dubi zanen.

"Malama, aje shi tukuna. Ga buta can, tai ki wanke huskarki ki taho."

Na yi tsammanin ban ji da kyau ba. Ta maimaita, ta ce hoda da jambaki duk su fita. Da na dawo ta zaunar da ni a kan kujera 'yar tsugunno a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, inda hasken rana yake shigowa amma ranar ba ta dukan mutum kai tsaye. Ta ce in cire hijabi da ɗankwali, gidan ba namiji. Ta lulluɓe mini kafaɗu da farin yadi don kayan jikina su ɓace, jikarta ta riƙe wani dogon madubi a gabana. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar jaka cike da ƙyallaye, ragowar yanka ne da ta tara daga wurin teloli, kowanne bai fi faɗin ɗankwalin yarinya ba.

Bibbiyu take gwadawa. Ta kara ruwan goro a ƙarƙashin haɓata, ta janye, ta kara ruwan hoda. Ta kara fari tas, ta janye, ta kara ruwan madara. Ni kuwa idona yana kan ƙyallen, ina neman wanda ya fi kyau.

"Kada ki dubi zane, ɗiyata. Huskarki za ki duba. Dubi ƙasan idonki, dubi gehen bakinki."

Da na mayar da ido inda ta ce, sai na ga abin. Ta ɗora ruwan tokar nan irin wanda na ɗauko, nan take ƙasan idona ya yi zuru-zuru, gefen bakina ya yi duhu, fatar ta yi furu-furu kamar ta wanda ya kwana a hazon hunturu bai shafa mai ba. Ba ta ce komai ba. Ta zare shi ta ɗora ruwan hanta. Wallahi fuska ɗaya ce, minti ɗaya bai wuce ba, amma duhun ƙasan idon ya lafa, farin idona ya fito, fatar ta yi sheƙi kamar na shafa man kaɗe. Ta sake mayar da tokar, ta sake ɗora hantar, har sau uku, don in tabbatar ba idona ne yake yaudarata ba.

"Wancan ya cinye ki," in ji ta. "Wanga ya tashe ki."

Daga nan ta yi mini bayanin da ban taɓa ji daga bakin mai sayar da zane ba. Ta ce baƙi ba iri ɗaya ba ne. Akwai baƙin da ja ke kwance a ƙarƙashinsa, akwai mai shuɗi-shuɗi, akwai wanda ɗorawa ke ciki. Haka farare, haka masu wankan tarwaɗa. Ta ɗauko 'yan kunne biyu, na ruwan zinari da na azurfa, ta riƙa karawa a kumatuna, ta ce nawa baƙin mai ja ne. Kafin mu tashi ta ware mini ƙyallaye 9 a gefe: ruwan hanta, ja mai duhu, ruwan goro, ɗorawa cikakkiya, koren ganyen mangwaro, shuɗi mai ƙarfi irin na bula, ruwan albasa mai duhu, ruwan zuma, da ruwan madara. Na ce mata ai ja da ɗorawa su aka hana mu tun muna yara.

"Wa yac ce maki baƙa ba ta saka ja? Launin da ya koɗe shi ka kashe baƙa, ba mai ƙarhi ba."

A nan aikina ya faɗo mini a rai, domin abin da take yi da ƙyallaye abu ne da kimiyya ta daɗe da saninsa. A 1824 aka naɗa wani masanin haɗa sinadarai, Michel Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Paris. Masaƙa suna ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya fitowa baƙi sosai. Ya bincika ya tarar rinin ba shi da laifi, launin da aka saƙa a gefensa ne yake canza yadda ido ke ganinsa, ya kuma wallafa sakamakon a 1839. Ido ba ya ganin launi shi kaɗai, yana auna shi ne da maƙwabcinsa. Ga mace mai mayafi, maƙwabcin fuska shi ne mayafin. Ga kuma hasken da ke dukan zane ya dawo kan haɓa da kumatu ɗauke da launin zanen. Batun fita tsakar gida ma yana da dalili. Hasken rana na tsakar yini yana kusa da ma'aunin Kelbin 5,500 (da Kelbin ake auna launin haske, ƙaramin adadi ya fi ja, babba ya fi shuɗi), jan ƙwan lantarki yana wajen 2,700, fararen ƙwayayen da suka cika shaguna yanzu kuwa sukan kai 6,500, shi ya sa atamfar da kika gani shuɗiya a cikin shago kan koma wani abu dabam da kin fito titi. Hajiya ba ta san Kelbin ba, amma ba ta yarda ta zaɓar wa kowa launi bayan la'asar sakaliya. In kin zo da magariba za ta sayar miki da abin da kika nuna, sai dai ba za ta sa baki ba.

Kafin in je wurinta na kalli bidiyoyi da dama a TikTok na masu raba mutane gida huɗu da sunayen yanayin shekarar Turai, salon da ya yi tashe a Amurka a shekarun 1980 ya kuma sake dawowa ta Koriya ta Kudu. Suna cewa ki duba jijiyar wuyan hannunki, in koriya ce ga rukuninki, in shuɗiya ce ga naki. Na duba a rana, na duba a inuwa, jijiyar ba ta nuna launi a irin fatata. Sannan rabin lissafinsu a kan launin gashi da na ƙwayar ido yake, mu kuwa kusan dukkanmu gashi baƙi, ido baƙi ko ruwan ƙasa, gashin ma a rufe yake in za a fita. Tsarin ba don mu aka yi shi ba. Jakar ƙyallayen Hajiya ta fi shi amfani a Sakkwato nesa ba kusa ba.

Da na koma gida na tuna da kayan kakarmu da Inna take ajiye da su a adaka. Akwai saƙi, shuɗi mai duhu da siririn fari. Akwai zane mai ratsin alharini, jan silikin nan mai ruwan albasa da fatake suke kawowa ta Sahara. Akwai turkuɗi ɗan Kura mai ƙyalli, wanda Buzaye suke naɗawa har shunin ya hau fatarsu. Mutanen da suka yi ado da waɗannan baƙaƙe ne irinmu, kuma launi cikakke suka zaɓa. Ban san lokacin da muka koma gudun launi ba sai da na ga kaina a madubin nan, na ji haushin shekarun da na yi ina ɓoye fatar da Allah ya ba ni a cikin toka.

Zuwa na biyu da Inna da amarya muka je, a nan ne kuma batun gashi ya shigo. Inna tana da furfura, tana rina ta da lalle, kanta ya zama ja mai ruwan goro. A waje ba mai gani, amma a cikin gida takan zauna da ɗankwali a tsakiyar kai, goshin gashin a buɗe. Hajiya ta gaishe ta da girmamawa, ta zaunar da ita a kan tabarma maimakon kujera, ta ce mata kore mai duhu da ruwan makuba su za su zauna da jan lallen, ta guji ruwan hoda don suna faɗa da shi. Ta kara, muka gani, haka ne. Inna da ta ce ita rakiya kawai ta zo, sai ga ta da turmi guda a hannu.

Amarya kuwa wankan tarwaɗa ce mai ɗorawa a ciki, ga gashi baƙi wuluk mai yawa. Hajiya ta raba mata kaya gida biyu. Na fita, inda mayafi ne zai kewaye fuska, ta ce a fara zaɓar mayafin sannan a nemo zanen da zai bi shi. Mu kullum akasin haka muke yi, mu sayi atamfa mai tsada, mu je neman gyalen da ya shiga da ita, ko ya shiga da fuskar ko bai shiga ba. Na zaman gida kuma, inda kitso zai fito, ta ce baƙin gashin ya riga ya yi wa fuskar iyaka, don haka za ta iya ɗaukar launi mai haske kamar sararin samaniya da tsanwa, ba za su wanke ta ba. Abin da ta hana ta shi ne ɗorawa cikakkiya, wadda ni ta ba ni. A jikin ƙanwata ɗorawar ta haɗe da fatar, ta fito kamar mai shawara. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ƙyalle uku kacal muka yi tarayya a kai.

Anko shi ne mai wuyar. Mata sun fi 40 a danginmu da na ƙawaye, daga fara tas har baƙa irina, kowa kuma zane ɗaya za ta sa. Shawarar Hajiya ita ce kada a ɗauki atamfa mai launi ɗaya rinjaye. Ta fito da wata mai ƙasa shuɗi mai duhu, da zanen ganye ruwan zuma da ɗan ruwan hanta, ta ce a bar kowace mace ta zaɓi mayafinta daga cikin launukan ukun. Farare suka ɗauki shuɗin, mu muka ɗauki hanta, masu wankan tarwaɗa yawanci zuma. A hoton ranar wuni an ga anko ɗaya ne, kuma babu wadda ta fito kamar an tilasta mata. Wannan dabarar kaɗai ta biya ni kuɗin kabu-kabu da zaman jira.

Muna zaune wata matashiya ta shigo, fuskarta fara, gaɓoɓin yatsunta baƙaƙe, wuyan kuma wani launi na uku. Hajiya ba ta yi mata wa'azi ba, ta dai auna ƙyallayen da wuyanta maimakon kumatu. Bayan ta fita ta ce mini masu shafa man bilicin su suka fi ba ta wahala, don launin da ya dace da su yau ba shi zai dace da su bayan wata uku ba. Na san girman matsalar. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, NAFDAC kuma ta sha gargaɗi a kan masu ɗauke da sinadarin makyuri da haidrokwinon. Ina ganin da yawa daga cikin 'yan matan da nake koyarwa ba fari suke nema ba, so suke su dubi madubi su ga fuskarsu ta yi haske. Da za a zaunar da su a rumfar nan minti 20, wasunsu za su ga hasken ba tare da sun taɓa fatarsu ba.

Sai dai wurin yana da nasa aibin, kuma gara ki sani kafin ki je. Kayanta sun fi na kasuwa tsada. Irin turmi mai yadi 6 da na taya a Tsohuwar Kasuwa, a wurinta akwai ƙarin naira 2,000 zuwa 3,000, kuma ba ta son dogon ciniki. Ba ta karɓar kuɗin gwaji, to a nan take fanshewa, ni ban ga laifin hakan ba, amma mai sayen anko turmi 40 za ta ji a jikinta. Da na roƙe ta, ta rage mini kaɗan saboda yawan. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ba za ta sami zaɓi da yawa ba, atamfa mai araha ba ta fi kashi ɗaya cikin huɗu na kayan ba.

Jira ma sai mai haƙuri. Mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, ba ta gaggawa, ba ta da mataimakiya sai jikar. Zuwana na biyu ranar Asabar ce, mun yi awa biyu a kan tabarma kafin layi ya zo kanmu, ga zafi, ga fankar ba wuta. Ruwan randa dai ba ya yankewa. Maganarta kuma ba ta da kwana. Na ga wata ta zo da leshin da mijinta ya sayo mata daga Saudiyya tana neman mayafi, Hajiya ta ce mata a gaban mutane leshin ba nata ba ne. Gaskiya ta faɗa, amma da ta ja ta gefe ya fi, matar ta fita ranta a ɓace.

Akwai inda ban yarda da ita ba. Ta ce in rabu da baƙin hijabi gaba ɗaya. Na gwada a gida da hasken safe, na ga in na sa hular ciki ruwan zuma ko ruwan hanta ta ɗan leƙo a goshi, baƙin ba ya cinye ni. Kuma na lura tana yawan tura mutane wajen leshi mai ruwan gwal, har da wata fara mai ja-ja a kumatu wadda ni a idona azurfa ta fi karɓa. Leshin gwal shi ya fi yawa a kabad ɗinta. Ba na zarginta da ha'inci, amma ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne, ki riƙe idonki a kan madubi ko da tana magana.

Maza ba sa shiga, sai dai tana ba da aron ƙyallen shadda a kai gida. Na kawo wa maigidana guda biyar, muka gwada a ƙofar ɗaki da hantsi. Shi da bai san komai ba sai fari da ruwan toka, ya tsaya a kan shuɗi mai duhu da ruwan madara, ya ce hular da zai ɗora ma sai ya sake dubawa.

Zuwa na uku ƙorafi na kai. Ɗaya daga cikin mayafan ruwan hanta da na saya ya zuba a wankin farko, ruwan ya yi ja kamar zoɓo, ya ɓata mini farin ɗankwali da na jiƙa tare da shi. Na kai mata a leda. Ta jiƙa gefen wani sabo daga cikin dilar da ruwa, ta goga a farin ƙyalle, ya bar ja. Ba ta yi musu ba, ta sa jikarta ta sauke sauran duka daga kanta, ta ce Kano za su koma. Kuɗi dai ba ta mayarwa, canji take yi, ɗankwalina kuma ya tafi ke nan. Ta ba ni wani mayafin ta ce in gwada shi da ruwa a gabanta kafin in fita, na gwada, bai zuba ba.

In za ki je, ki je ranar aiki tsakanin ƙarfe 10 na safe da azahar, ba kwalliya a fuska, ki tafi da hijabin da kika fi sawa da 'yan kunnenki. Ki riƙe tsabar kuɗi, sabis ɗin waya a lungun yana wahalar da taransifa. Ni na ce ta ajiye mini koren ganyen mangwaro in kaya sun iso daga Kwari kafin azumi. Kaya huɗun nan na ƙasan akwati kuma na kai su tsakar gidan mun kara wa ƙanwata, ruwan hodar da toka ɗaya sun karɓe ta, suna wurin tela ana rage mata su.